Yadda 'Yan Aji Uku Suka Koyi Ƙirga Bugun Zuciyarsu: Nazarin Lamarin Wata Firamare a Jihar Kano

Makarantar da yanayinta

Makarantar firamare ce ta gwamnati a wani gari da ke wajen birnin Kano. Ana shiga da ƙarfe takwas saura, a tashi bayan ƙarfe ɗaya, ranar Juma'a kuma a sallami yara da wuri. Wannan nazari ya shafi aji uku ne kaɗai: yara sama da saba'in a ɗaki guda, yawancinsu 'yan shekara takwas zuwa tara, mata sun ɗan fi maza yawa. A tsakiyar makarantar akwai fili na yashi da tsakuwa, da bishiyoyin darbejiya biyu ta gefen gabas. Babu famfo a ciki. Ruwan sha sai wanda yaro ya zo da shi a gora, ko ya sayi leda da kuɗin tara.

A manhajar ilimin matakin farko da NERDC, hukumar tsara manhajar karatu ta ƙasa, ta sake wa fasali, wadda aka fara aiki da ita a 2014, an shigar da darasin motsa jiki da kiwon lafiya ƙarƙashin babban darasin kimiyya da fasaha. A wannan makaranta darasin yana kan jadawali sau ɗaya a mako, a ƙarshen ranar Laraba, amma lokacinsa yakan tafi ne a kwafar rubutun allo ko sharar harabar makaranta.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar matsakaicin minti 60 a kowace rana na motsin da ke sa numfashi ya ƙaru, sannan aƙalla kwana uku a mako motsin ya kasance mai ƙarfi. Alƙalumanta sun nuna kashi 81 cikin ɗari na masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan, 'yan mata sun fi gaza cikawa. Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini su ne kan gaba wajen kisa a duniya, sun ci rayuka kimanin miliyan 17.9 a 2019, kuma tarin kitse a jikin jijiyoyi yana iya somawa tun ana ƙanana.

Ranar Juma'a 29 ga Satumba 2023, wato Ranar Zuciya ta Duniya, wata jami'ar lafiya daga asibitin sha-ka-tafi na garin ta yi wa yara gajeren jawabi a taron safe. Daga nan malamin aji uku ya ɗauki niyyar kafin shekarar karatu ta ƙare kowane ɗalibinsa ya iya amsa tambaya uku da bakinsa: ina zuciya take, mene ne aikinta, me motsa jiki yake yi mata. Hedimasta ya ƙara sharaɗi guda, cewa a ga motsin a fili, kada ya tsaya a littafi.

Oktoba 2023: darasin allo

Malam ya fara da abin da aka saba. Ya zana zuciya a allo da alli ja da shuɗi, ya raba ta ɗaki huɗu, ya rubuta sunayen ɗakunan da Turanci, yara suka kwafa. Aka yi mako uku ana maimaitawa da babbar murya har ajin ya haddace.

A ƙarshen wata ya kira su ɗaya bayan ɗaya ya yi musu tambayoyin nan uku da Hausa. Da yawa sun jero sunayen ɗakunan ba gargada. Da aka ce su nuna inda zuciya take, wasu suka dafa ciki, wasu suka kai hannu kusa da hammata. Kan amfanin motsa jiki kuwa amsa guda ce ta fi yawa, wai don a yi ƙarfi a iya kokawa. Akwai wata amsa da ta riƙa dawowa: cewa idan zuciya tana bugawa da sauri alamar tsoro ce ko ciwo, domin a gida sun saba jin manya suna cewa gabansu na faɗuwa, ko wane yana da hawan jini kada a tayar masa da hankali. Yaron da ya taso da wannan fahimta, saurin bugun da yake ji bayan gudu abin gudu ne a wurinsa.

Nuwamba 2023: zagayen fili

Ganin allo bai biya bukata ba, sai aka fito da yara waje. Ranar Laraba, a lokacin darasin, wajen ƙarfe sha biyu, aka sa dukan ajin zagaya fili sau biyar. Aka yi haka mako uku.

Matsalolin sun bayyana tun ranar farko. Rana ta take, kuma yawancin gorunan ruwa sun ƙare tun lokacin tara. Yara da silifa suke zuwa, silifa kuwa tana tsinkewa a gudu, wanda ya cire ta tsakuwa ta soke shi. 'Yan mata masu dogon hijabi suna takawa suna faɗuwa, bayan zagaye biyu suka koma gindin darbejiya. Manyan yaran ajin suka mayar da abin tsere, ƙananan suka ga ba za su kamo su ba suka koma tafiya. Ga wani abu kuma: a wannan makaranta zagayen fili da tsallen kwaɗo su ne hukuncin makara. Don haka yara suka riƙa tambayar monita laifin da ajin ya yi.

A mako na uku wani yaro mai sikila, wanda malamin bai san yana da ita ba, ya yi zagayen biyar cif ba tare da ya sha ruwa ba. Da daddare ciwon ƙashi ya tashi, aka kwantar da shi a asibiti. Ƙishirwa da gajiya mai tsanani suna cikin abubuwan da aka sani suna tayar da ciwon. Washegari mahaifinsa ya zo wurin hedimasta, wasu iyayen ma suka aiko cewa ana sa 'ya'yansu gudu har zuciyarsu tana dukan uku-uku. Aka dakatar da zagayen nan take.

Disamba 2023: zama da jami'ar lafiya da iyaye

Kafin hutun zangon farko hedimasta ya haɗa zama da kwamitin kula da makaranta, da wakilan iyaye, da jami'ar lafiyar nan. Abu huɗu aka tsayar.

Na farko, rajistar lafiya. Aka aika wa kowane gida tambaya ta bakin malamin aji ko ta waya: yaron yana da sikila, ko asma, ko farfaɗiya, ko likita ya taɓa cewa yana da matsalar zuciya? Ya taɓa suma yana cikin wasa? Aka samu masu sikila biyu da masu asma uku. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila, don haka da wuya aji mai yara saba'in ya rasa ko guda. Ba a cire su daga wasa ba. An dai yarda mai sikila zai sha ruwa kafin a fara da kuma a tsakiya, zai huta duk lokacin da ya so ba sai ya nemi izini ba, ba za a sa shi tsere ba, kuma ba zai fita da sassafe cikin sanyin hunturu ba tare da rigar sanyi ba. Mai asma zai zo da abin shaƙarsa in yana da shi, ranar da hazo ya yi yawa kuma ya zauna a aji.

Na biyu, alamomin da za a tsayar da yaro nan take a sanar da gida: ciwon ƙirji, jiri, suma, ko hakin da ya wuce aikin da ya yi. Jami'ar ta ja hankalin iyaye kan ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi ga yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Wani irinsa, in ba a yi maganinsa da kyau ba, bayan 'yan makonni yakan juyo da ciwon gaɓoɓi, ya lalata 'yan ƙofofin da ke cikin zuciya. Irin wannan yaron haki yake yi da ɗan ƙaramin aiki, kuma asibiti yake bukata kafin filin wasa.

Na uku, ruwa. Kwamiti ya ɗauki nauyin jarka biyu masu lita 25 a kowace safiya. Kowane yaro ya zo da gorarsa ko kofinsa, a daina haɗa baki a kofi ɗaya.

Na huɗu, aka raba motsa jiki da hukunci. Wanda ya makara zai tsinci leda a harabar makaranta, babu sauran tsallen kwaɗo.

Janairu 2024: ƙirgar farko da yadda aka gyara ta

Da aka dawo zango na biyu malam ya sauya hanya: kowane yaro zai nemo bugun jininsa da kansa ya ƙirga. Gwajin farko ya watse. An ce su kama wuyan hannu su ƙirga na sakan 15 su ninka sau huɗu. Lambobin da suka fito sun tashi daga 20 har sama da 200. Wasu sun danna da babban yatsa, shi kuwa yana da nasa bugun da ke rikita ƙirga. Wasu sun matse da ƙarfi har jijiyar ta toshe bugun ya ɓace. Waɗanda ba su ji komai ba suka kwafi na maƙwabci. Ninkawa sau huɗu ta fi ƙarfin yawancin 'yan aji uku in lambar ta haura ashirin. Kuma da yaro ɗaya ya faɗi babbar lamba aka yi masa tafi, sai kowa ya koma neman wadda ta fi ta.

Gyaran ya ɗauki darasi huɗu, kowanne da abu guda.

A darasi na farko ba a ƙirga komai ba. Yara suka tsaya a bayan benci suka yi tsalle a wuri ɗaya na minti guda, sannan kowa ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar ƙirji, a kan ƙashi, ya ɗan zame hagu. Bayan tsalle bugun yana da ƙarfin da ba ya ɓuya. A nan ne malam ya ce kowa ya dunƙule hannunsa ya duba, girman zuciyarsa ke nan, kuma nama ce mai aiki irin na damtse. Tambayar farko ta samu amsa a wannan rana.

A na biyu aka koma wuyan hannu, shi ma bayan tsalle. Yaro zai buɗe tafin hagu yana kallon sama, ya ɗora yatsu biyu na dama, manuni da na tsakiya, a ƙasan gindin babban yatsa, cikin ɗan kwarin da ke tsakanin ƙashi da jijiyar da ke miƙe. A taɓa a hankali, kada a matse. Malam ya bi benci-benci, duk wanda ya samo wurin sai ya ɗiga masa alama da biro, ta yadda gobe ba sai ya sake lalube ba. Waɗanda suka riga samu suka taya na kusa da su. An bar bugun wuya gaba ɗaya, ko da yake ya fi sauƙin ji, saboda yara sukan danna gefe biyu lokaci guda, hakan kuwa yana iya kawo jiri.

A na uku aka koyi ƙirga cikin shiru. Malam yana riƙe da agogon wayarsa da usur. Busa ɗaya a fara, busa ɗaya a tsaya, tsakaninsu sakan 15. Ana ƙirgawa a zuci, ido a rufe, domin da yaro ɗaya ya ƙirga a bayyane sai benci duka ya bi muryarsa. Kowa ya rubuta lambarsa kafin a ce uffan. Aka soke ninkawa: yara suna aiki da lambar sakan 15 yadda take, malam kuma ya manna jadawalin ninki huɗu a bango, daga 15 zuwa 50, don mai son ya duba. Ya kamata mai koyarwa ya san cewa kuskuren bugu ɗaya a sakan 15 kuskuren huɗu ne a minti, saboda haka bambancin ɗaya ko biyu tsakanin yau da jiya ba komai ba ne.

A na huɗu aka shigo da lamba uku. Kowane yaro ya ja layi uku a bayan littafinsa: a zaune, bayan tsalle, bayan hutu. Ta farko ana ɗaukarta bayan an zauna shiru minti biyar. Ta biyu bayan tsalle na minti biyu, kuma dole a busa usur cikin sakan biyar da tsayawa, domin bugun yaro yana saukowa da sauri, in aka tsaya neman biro an rasa shi. Ta uku bayan an zauna minti biyu. Yawancin ajin suka samu 18 zuwa 27 a zaune, wato kimanin 70 zuwa 110 a minti, daidai da abin da ake tsammani ga masu wannan shekaru, wanda ya ɗan ɗara na manya da ke tsakanin 60 da 100. Bayan tsalle suka samu 38 zuwa 45. Bayan hutu suka dawo 26 zuwa 30.

Lamba ta uku ce ta warware tsoron da aka gano a Oktoba. Yaro ya ga da idonsa bugun ya hau, ya zauna, ya sauko da kansa ba magani ba tofi. Malam ya daina yaba babbar lamba, ya riƙa tambayar da nawa ta sauko.

Fabrairu 2024: bokiti biyu da gwangwanin tumatir

Sauran tambayoyi biyu suna nan: mene ne aikin zuciya, kuma me motsi yake ƙara mata. Kayan da aka yi amfani da su: bokiti biyu, ruwa lita biyar (cikin ledar ruwan sha goma ke nan), ƙaramin gwangwanin tumatir mai giram 70 da aka daddaƙe bakinsa da guduma don kada ya yanki yatsa, da gwangwanin madara. A waje ake yi, gindin bishiya, domin ruwa zai zube.

Dalilin zaɓen waɗannan shi ne, zuciyar babban mutum a zaune tana tura jini kimanin mililita 70 a kowane bugu, sau 70 ko kusa da haka a minti. Jimla kusan lita biyar ke nan, kwatankwacin dukan jinin jikinsa. Ƙaramin gwangwanin tumatir yana ɗaukar kusan abin da bugu ɗaya ke turawa. Sai a ce wa yaro ya kwashe ruwan bokitin nan zuwa wancan da gwangwanin kafin minti ɗaya ya cika, ajin yana ƙirga masa. Babu wanda ya gama. Masu sauri a cikinsu sun kai ɗiba hamsin, rabin ruwan a ƙasa, hannu ya sage. Malam ya bari suka huta, sannan ya gaya musu cewa zuciyar Baba tana gama wannan aiki kowane minti, dare da rana, bugu wajen dubu ɗari kafin gari ya sake wayewa, ba ta zubar da ko ɗigo.

Daga nan bayanin ya zo da sauƙi. Jini ne ke ɗauko iska daga huhu da abinci daga ciki ya kai wa ƙafa da hannu da kai. In ana gudu ƙafa tana bukatar iska da yawa, sai zuciya ta ƙara sauri, huhu ma ya ƙara, shi ne hakin da ake ji.

Sai aka miƙa wa wata yarinya gwangwanin madara, wanda ya ninka na tumatir sau biyu da ɗoriya. Ta gama kwashewa da ɗiba talatin da 'yan kai, ba ta ko yi gaggawa ba. Malam ya ce zuciyar da ta saba da motsi haka take zama: namanta ya yi ƙarfi, tana tura jini mai yawa a bugu guda, don haka ba sai ta yi ta sauri ba in ana zaune, kuma bayan gudu tana saurin komawa daidai. A nan akwai abin da mai koyarwa zai kiyaye. Gwangwanin madara ya zuzuta bambancin don yara su gani. A zahiri babban mutum mai yawan atisaye zuciyarsa kan tura kimanin mililita 100 a bugu, bugunsa a zaune ya sauko wajen 50, kuma wannan sauyi aikin watanni da shekaru ne. Malam bai yi wa yara alƙawarin lambarsu ta farko za ta faɗi kafin Sallah ba.

Ruwan da ya rage aka yayyafa a inda za a yi wasa don ƙura ta kwanta.

Fabrairu zuwa farkon Maris 2024: wasannin da yara suka riga suka iya

Maimakon zagayen fili, aka tambayi yara wasannin da suke yi a unguwa, aka gwada kowanne da ƙirgar sakan 15. Langa ta kai bugun maza 40 zuwa sama cikin minti biyu. Tsallen igiya ma haka. Gaɗa mai tsalle da tafi ta kai bugun 'yan mata tsakanin 32 da 38. 'Yar gala-gala tana ɗaga bugun mai yi, amma masu jiran layi suna tsaye, don haka aka zana gida shida a ƙasa maimakon ɗaya. Carafke da dara ba su motsa lambar ba ko kaɗan, yara da kansu suka yanke cewa wasan hannu da na ƙwaƙwalwa ne.

Gaɗa ta koyar da wani ma'auni da ba ya bukatar agogo. Muddin yarinya tana iya rera waƙa ba yankewa, motsin mai sauƙi ne. In tana iya magana amma waƙa ta gagara, ya kai matsakaici, wanda ake nema yawancin lokaci. In kalma biyu ko uku kaɗai take iya fitarwa kafin ta ja numfashi, ya zama mai ƙarfi.

Tsarin da aka zauna a kai shi ne minti goma kowace rana bayan taron safe, da minti sha biyar daga lokacin tara, sannan darasin Laraba aka ɗauko shi daga ƙarshen rana aka dawo da shi safe. Ranar da sanyi ya yi tsanani akan ɗage minti goman zuwa bayan ƙarfe goma. An raba ajin rukuni takwas, kowanne da shugaba, igiya biyu ga kowane rukunin tsalle, tsawon kowace kimanin mita uku. Wata malama ta tsaya tare da 'yan mata a bayan ajujuwa inda maza ba sa kallo, kuma iyaye sun yarda a sa gajeren hijabi da wando a ƙarƙashin riga. Da wannan tsari, makaranta ta samar da minti 25 a ranar da babu darasi. Sauran 35 ɗin da za su cike minti 60 na Hukumar Lafiya ta Duniya aka nuna wa yara inda suke samunsu: tafiya makaranta da Islamiyya in da sauri ake yi, ɗebo ruwa, wasan yamma.

A cikin waɗannan makonni ne malam ya lura da wata yarinya da lambarta ta zaune ba ta sauka ƙasa da 32, wato kusan 130 a minti. Zazzaɓi yana ƙara bugu wajen goma ga kowane digiri ɗaya, amma jikinta ba zafi. Ya ƙirga mata da kansa na cikakken minti, safiya uku a jere, abin bai canza ba. Tafin hannunta da cikin fatar idonta sun yi fari, tana haki da ɗan tsalle kaɗan. Bai ambaci sunan wata cuta ba. Ya aika a kira mahaifiyarta ya ce, Hajiya, a daure a kai ta a auna jininta. Asibiti suka samu ƙarancin jini, suka ɗora ta a kan magani. Ta koma riƙe usur har jami'ar lafiya ta ce za ta iya komawa wasa sannu a hankali.

11 ga Maris zuwa Mayu 2024: azumi da zafin bazara

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris, aka yi Sallah 10 ga Afrilu. 'Yan aji uku azumi bai hau kansu ba, amma da yawa suna gwadawa, wasu zuwa azahar wasu har magariba. A kwanakin da aka yi karatu cikin watan an dakatar da langa da igiya, aka bar miƙe-miƙen jiki na minti biyar da ƙirgar zaune. Lokacin da ya rage aka yi magana kan sauran abubuwan da suka shafi zuciya: hayaƙin taba da na itace a rufaffen ɗaki, da gishiri, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram biyar a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya.

Bayan hutu zafi ya kai inda yakan kai a Kano, sama da digiri 40 da rana. Aka soke minti sha biyar na tara, aka mayar da na safe minti ashirin a inuwar darbejiya, a gama kafin ƙarfe tara. Jarka biyu suka daina isa, ta uku kuma ba kullum ake samu ba. Ranar da ruwa bai zo ba ba a yin wasa mai ƙarfi. Da damina ta sauka aka dawo da tsarin Fabrairu, ranar ruwan sama kuma a yi tsalle a bayan benci.

Yuli 2024: abin da aka samu

A makon jarrabawa aka sake tambayoyin nan uku, ɗaya bayan ɗaya, da Hausa. Kusan kowa ya nuna wurin zuciya daidai. Fiye da kashi biyu cikin uku sun bayyana aikinta da kalmominsu, yawanci ta hanyar ambaton gwangwani. Fiye da rabi sun iya faɗin abin da motsi yake yi mata. Sunayen ɗakuna huɗu na Turanci kuwa 'yan kaɗan ne suka tuna.

Lambar zaune ba ta yi wani sauyi da za a dogara da shi ba tsakanin Janairu da Yuli. Lambar bayan hutu ta ɗan sauko ga yawancinsu, da bugu biyu ko uku a sakan 15. Ba a sake samun wanda aka kwantar a asibiti saboda wasa ba. Cikin manyan 'yan matan ajin, waɗanda suka haura shekara goma, wasu sun janye daga gaɗa tun bayan Sallah.

Nazarin sakamakon

Darasin allo ya gaza ne saboda ya ba yara sunaye ba tare da ya haɗa su da abin da ke cikin ƙirjinsu ba, kuma bai taɓa tsoron da suka zo da shi daga gida ba. Zagayen fili ya fi shi muni, domin an fara shi ba rajistar lafiya, ba ruwa, da tsakar rana, da irin motsin da yara suka sani a matsayin horo. Kwanciyar yaron nan a asibiti abu ne da tambaya ɗaya ga iyaye a watan Satumba za ta hana. Duk makarantar da za ta gwada irin wannan, rajista da ruwa su ne farko, kafin usur.

Abin da ya yi aiki shi ne lamba uku, musamman ta ukun, da gwangwani biyu. Dukansu abubuwa ne da yaro ya yi da hannunsa ya ga sakamakon a take, kuma kuɗinsu bai wuce na igiya da usur ba. Wasannin unguwa sun ɗore saboda ba sai malam ya tsaya a kai ba.

Saukar lambar bayan hutu ba hujja ba ce cewa zukatan yaran sun ƙara ƙarfi. Sun ƙware a ƙirga, sun ƙara wata shida a shekarunsu, kuma ba a kwatanta su da wani ajin ba. Ƙirgar yara ba awon asibiti ba ce. Amfaninta ga yarinyar nan mai ƙarancin jini shi ne ta sa malam ya duba, likita ne ya gano ciwon.

Abu biyu ba su warwaru ba. Janyewar manyan 'yan mata tana bukatar malama ta dindindin da wurin da ya fi bayan aji sirri, sannan a zauna da iyaye mata kafin yaran su shiga aji huɗu. Ruwa kuma har yanzu yana rataye ne a aljihun 'yan kwamiti. An miƙa rajistar lafiya da littattafan lambobin yaran ga malamin aji huɗu, kwamitin kuma ya sa batun haƙa rijiyar burtsatse a cikin bukatun da zai kai wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma.